Shekarar da Jaki Ya Ci Jinkar Maƙera

Bazarar bana ta zo wa Magarya da zafi irin wanda za ka zubar da ruwa a ƙasa, ka ajiye buta, ka juyo ka rasa inda ka zuba. Da la'asar hadari kan taso ta gabas, kowa ya ɗaga kai, kafin magariba ya watse ya bar mu da gumi. In sama ta yi wannan wasan, cikina ne ke riga kaina tunawa, don na ga irinta shekaru kusan arba'in da suka wuce, shekarar da na yi abin kunyar da na so in tafi da shi kabari. Wata 'yar na'ura mai faɗin faranti ce ta tono ni.

Ni ne Idi maƙeri, mutumin Guci. Shekara tara ke nan ina aiki a wata atiliye a nan Magarya, inda muke ƙera garmar shanu da hauya da amalanke. Mai riƙe da wurin Habsatu ce, 'yar ƙanwata, wadda ta je Damagaram ta yi karatun ƙere-ƙere ta dawo tana ba kawunta umarni, har ni ina ce mata Shef, wato shugaba. Ni lakwal ɗina, wato boko, shekara biyu ce. A ta uku mushe, malaminmu, ya aike ni ɗebo ruwa, har yau yana jira.

A wurin kowa da aikinsa. Sale ke walda, wasu yanka, wasu huda. Abu ɗaya ne ba mai taɓawa sai ni: tsoma ƙarfe. In an ƙera bakin garma ko na hauya, sai a mayar da shi wuta ya kai wani zafi, a tsoma shi a mai don ya yi tauri. Zafin ya gaza, bakin ya lanƙwashe a gona. Zafin ya wuce, ya tsage. Tsakanin biyun ɗan taƙi ne, ido kuma ke gane shi.

To, idon ne ya yi mini tawaye. Yanar ido ta rufe na dama, na hagu na bin sahu. Likita a Damagaram ya sa mini ranar aiki, ranar kuwa ta faɗo daidai makon da za a tsoma bakunan da manoman Dungas da Dogo-Dogo da Guci ke jira kafin ruwa ya sauka. Na ce a ɗaga aikin idon zuwa kaka. Habsatu ta ce in na kai kaka a haka, yatsana zan tsoma a maimakon ƙarfe.

"Kawu, za ka tafi, kuma za a tsoma," in ji ta. "Abin da ke kanka za mu juye a nan."

"A nan" ɗin tablet ce. A cikinta akwai wata manhaja da ke riƙe yadda ake kowane aiki a atiliyen. Kowane kaya da shafinsa. In ka buɗe, aikin ya fito mataki-mataki, kowanne da hotonsa, da 'yan kalmomi, da murya da Hausa saboda irinmu. Ka gama wannan, ka danna koren maɓalli, sannan ta buɗe maka na gaba. Ka yi tsalle, ta ƙi. In aka gyara wani abu, tsohon ya ɓace daga wayar kowa, sabon ya hau, da sunan wanda ya ce a gyara. Kafin zuwanta amalankenmu biyu ba su taɓa fitowa kama ɗaya ba, yanzu sai ka ce tagwaye. Wannan kam na yarda, ban dai faɗa ba.

Da aka zo kan shafina, kwana uku ina yi wa Habsatu wasa da hankali. Na ce mataki na farko bismilla, ta rubuta. Na ce na biyu a kawo wa Kawu shayi mai kauri. Ta rubuta, har ta ɗauki hoton kofin. Washegari Sale ya buɗe shafin, ya ga na'ura ta ƙi gaba, ya je ya kawo shayin ya danna kore.

"Ka ga aikinta ke nan," in ji Habsatu. "Abin da ka faɗa shi za a yi, kana nan ko ba ka nan. Sai ka zaɓi abin da za ka faɗa."

Shayin ya yi mini ɗaci ranar.

A rana ta huɗu ta kira ni tsakar fili. Saboda zafi ta sa an fito da murhun ƙira daga ɗakinsa, an kafa shi ƙarƙashin wata doguwar rumfa marar bango, wai ma'aikata su sha iska. Rana na shigowa ta ko'ina. Sale ya riƙe ƙarfe a wuta, ita ta saita tablet.

"Kawu, ka ce ja irin na zoɓo. In ya kai ka yi magana in ɗauki hoto, shi za su riƙa bi."

Na dubi rumfar, na dubi ranar.

"Shef, a mayar da wutar nan ɗaki."

"Don me?"

"Don na ce."

"Manhajar ba ta da gurbin 'don na ce'. In za a sauya abu sai ta tambayi dalili. Ni ma haka."

Na jawo kujera. Na ce Sale ya ajiye ƙarfen ya zo shi ma ya ji, in asirin zai tonu gara ya tonu sau ɗaya.

Shekarar da nake nufi, damina biyu a jere sun gaza a ƙasarmu. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, da matata Indo da 'ya'ya biyu, muna gidan Baba a Guci. Tun kafin bazara rumbunmu ya koma ɗakin ɓeraye, su ma daga baya suka yi ƙaura. Kwanaki duk suka zama iri ɗaya. Da asuba mata su tafi daji neman anza. Wanda bai san anza ba ya gode wa Allah: 'ya'yan wani ɗan itace ne masu ɗacin murɗe fuska, sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin su shiga baki. Ruwan ma sai an bi layi a rijiya, guga ya yi ta tafiya kamar ba zai iske ƙasa ba, ya dawo rabinsa laka. Da hantsi a dafa ganyen yaɗiya, a barbaɗa ɗan garin rogon da masu zuwa Najeriya ke shigowa da shi. Abincin yini ke nan. Indo ta koyi raba ƙwarya ɗaya gida biyar, ta kuma koyi cewa ita ta ci a wurin girki.

Mutane suka fara kai abin hannunsu kasuwa: akuya, tasa, tabarma, daga ƙarshe har hauya. Kowa ya san ruwa zai dawo wata rana, amma yaro mai kuka ba a ce masa wata rana.

Baba shi ne maƙerin garin. Maƙerarsa bukka ce mai jinka har kusan ƙasa, ƙofa ɗaya 'yar ƙarama, in ka shiga da rana tsaka sai ka tsaya idonka ya saba. Na daɗe ina ƙunƙuni kan duhun nan, ina ganin rigimar tsufa ce kawai. Baba ba mai bayani ba ne. Shekara goma sha biyar ina zuga masa ina dukan masaba, duk abin da ya taɓa faɗa mini kan tsomawa kalma uku ne: "Jan zoɓo, tsoma." Sauran sai ka sata da ido.

A bazarar ƙafafunsa suka kumbura, ya kwanta a ɗakinsa, tashi sai an kama shi. Maƙera ta dawo hannuna, ni da jakinmu. Jakin nan shi ke kawo ruwa, shi ke ɗauko gawayin ƙirya daga daji. In ya mutu wuta ta mutu. Ciyawa kuwa babu ko tsinke, dabbobi har tsumma suke ci. Wata safiya na iske shi ya miƙa wuya yana zarar jinkar maƙera. Ina tsaye ina kallonsa sai wayo ya zo mini. Ba ruwan sama, ba aiki, jinkar me take tsarewa? Kullum sai in zare masa runguma ɗaya. Kafin wata ya ƙare maƙera ta yi tsirara, sai sanduna. Har daɗi na ji: ga haske, ga iska. Baba ban faɗa masa ba, wai kada in ta da hankalin majinyaci. Gaskiyar ita ce tsoron sandarsa nake, ko a kwance tana kaiwa.

Ruwan ya zo wata Laraba da azahar. Iska ta fara, ta kwashe duk abin da ba a ɗaure ba, sannan ɗigo ya fara faɗa wa ƙasa mai zafi, ƙamshin nan ya tashi wanda ke sa babba ƙwalla. Tsofaffi suka zauna cikinsa ba su matsa ba. Aka yi shuka da ɗan irin da aka ɓoye a tulu aka liƙe da laka don kada yunwa ta kai mu gare shi. Gero ya tsiro, ruwa ya sake sauka, sai ciyawa ta taso tare da shi, ta fi shi ƙarfi, don ita ba ta yi yunwa ba. Wanda bai yi noman farko cikin kwanakin nan ba, ƙarangiya ce za ta ci gonarsa. Rabin gari kuma ba hauya.

Tanko, abokina tun muna yara, shi ya samo ƙarfe. Wata babbar mota ta mutu a hanyar Dungas, mai ita ya bar masa sifirin uku, dogayen ƙarafan nan na ƙarƙashinta. Ya ɗauko su a ka, mutumin da aka manta rabonsa da ƙoshi, ya zube su a gabana.

"To, ɗan maƙeri, yau za mu ga ko ƙira ka gada ko suna."

"Kai dai tanadi bayanka," na ce. "Hauyata ba ta son rago."

Kwana uku muna aiki. Manoma na karɓa-karɓa a kan zuga-zugi, kowa ya yi iya inda numfashinsa ya kai ya ba na gaba. Masaba ta yi nauyi kamar an ƙara mata, in na ɗaga sau goma sai in ga taurari da rana. Na cinye sifirin biyu, na jera bakunan hauya gwanin kyau. Sai tsomawa. Na sa ƙarfe a wuta ina jiran jan zoɓo, ya ƙi zuwa. Na ce gawayin ne, a ƙara zuga. Aka zuga, aka zuga, har jan ya fito mini sosai, na tsoma a ruwa. Haka na bi su duka. Aka sa ƙota aka raba, kowa ya nufi gona yana sa mini albarka, ni kuma ina tafiya ina buɗa kafaɗa.

Kafin azahar ta washegari suka fara dawowa. Na farko ya zo da baki a rabe biyu. Na ce dutse ya sara. Na biyu ya zo, na ce shi ma dutse. A ƙasarmu ta rairayi fa, inda za ka yini ba ka ga dutsen jifan kare ba. Tanko ne na biyar. Bai yi faɗa ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya jera gutsattsarin a kan uwar maƙera, ƙarfen da ake dukan ƙira a kai, ɗaya bayan ɗaya.

"Idi, wannan hauya ce ko kwalba?"

Aka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki. Daga ranar na zama Idi Kwalba.

Nan Habsatu ta katse ni. "Kawu! Ai ce mana ka yi don santsin jikinka 'yan mata suka sa maka sunan."

"Shi ma gaskiya ne, amma ba shi ya fara ba. Bari in gama."

Sifirin ɗaya ya rage. In na ɓata shi babu wani. Ina zaune ina juya abin, ko ruwan ne, ko ƙarfen ne, ko wani ya yi mini baki, sai ga Indo a kaina.

"Maigida, je ka tambayi Baba."

"Zai ce ina jinka."

"Ya ce mana. Sandarsa ba ta kisa. Ciyawar can ita ke kisa."

Na shiga wurinsa da guntun hauya. Ya kai shi wajen hasken ƙofa ya dubi inda ya karye. Wurin na ƙyalli, tsaki-tsaki kamar gishiri.

"Ka ƙona shi."

"Wallahi Baba, jan zoɓo na tsoma."

"Je ka kawo mini jan zoɓon naka in gani."

Na koma na sa wani guntu a wuta, Tanko na zuga, har ya kai jan da na yi ta tsomawa. Na cafke shi da awartaki na ruga, na tsallake tsakar gida na faɗa ɗakin Baba. Ina shiga na ƙame. Ƙarfen da ke ja a waje ya zama rawaya kamar gwaiduwar ƙwai, yana haska bango, har ina ganin gashin gemun Baba ɗaya-ɗaya. Kuma fa ya sha iska a hanya.

Baba ya dubi ƙarfen, ya dube ni.

"Ina jinkar maƙerata?"

"Jaki ya ci."

"Shi kaɗai, ko da taimako?"

"Da taimako."

Ya lalubi sandarsa. Na matso don ta kai. Ya ɗaga ta, hannun ya ƙi, ya ajiye. Wannan ya fi mini dukan ciwo.

"A zatonka don na ƙi iska na ƙare rayuwata a duhu? Rana tana shanye jan ƙarfen da ke wuta. Kafin ka gan shi a fili, ya riga ya ƙone."

"Ba ka taɓa faɗa mini ba."

"Ba ka taɓa tambaya ba. Ni kuma ban zaci akwai mai ciyar da jaki maƙera ba." Ya juya fuska bango. "Je ka yi duhu."

Yin duhu da rana tsaka a garin da babu ciyawar jinka, shi ne aikin da ya haɗa Guci ranar. Na fita na tsaya gaban mutane na ce ba dutse ba ne, ni ne. Babu lokacin faɗa. Indo ta fara kawo tabarmar da muke kwana a kai da zanenta na fita. Maƙwabta suka kawo asabari da buhuna da tsofaffin barguna. Tanko ya jawo fatar saniyarsa da ta mutu, ko jima ba a yi mata ba, wari kamar me. Aka ɗaɗɗaura a kan sandunan, aka toshe kafofi da tsumma. Maƙerar ta fito kamar kayan mahaukaci, amma in ka shiga ba ka ganin tafinka.

Zafin cikinta ba ya faɗuwa. Hayaƙi ba mafita, gumi na shiga ido, mai zuga ba ya jimawa sai an jawo shi waje an zuba masa ruwa. Ni ban fita ba. Na raba sifirin na ƙarshe, na bi gutsattsarin da aka dawo da su na sake buɗe masu girma, hauyoyi suka fito ƙanana. Da na sa ta farko a wuta, jan zoɓo ya zo da wuri har na tsorata, ja mai nutsuwa, wanda na shekara goma sha biyar ina gani ban san duhun ke nuna mini shi ba. Na tsoma, aka sa ƙota, na miƙa wa Tanko.

"Sari gindin kalgon can, iya ƙarfinka."

Ya sara. Ya sake. Ya shafa bakin da yatsa.

"Wannan ta yi kama da ta ubanka," in ji shi. Bai tsaya ba, ya wuce gona.

Hauyoyin ba su isa kowa ba, sai aka yi ta miƙa wa juna: wani daga asuba zuwa hantsi, wani zuwa azahar, wani zuwa faɗuwar rana. Mutum ke hutawa, hauya ba ta hutawa. Mata na bi a baya suna cira da hannu, suna tsinkar tafasar da ta fito a kai gida a dafa. Mun tsamo yawancin gonaki. Amma kwanakin da na ɓata ba su dawo ba. Gonar Tanko ta nesa, wadda ta fi kowace kyan tsiro, ƙarangiya ta rufe ta kafin hauya ta kai. Da kaka na ga abin da ya ɗauko daga can, bai cika kayan jaki ɗaya ba. Bai taɓa yi mini gori ba har ya bar duniya. Sunan kawai ya bar mini.

Baba ya tashi, ya ci sabon gero, bai sake ta da maganar ba. Ni ma na bi sahunsa. Duk wanda ya zauna kusa da ni na ce masa jan zoɓo, tsoma, amma ban taɓa ce wa kowa "a duhu" ba, don in na faɗa za a tambaye ni yadda na sani.

Da na gama, Sale na kallon ƙasa, kafaɗunsa na rawa.

"Yi dariyarka, Sale, kada ta fasa maka ciki."

Ya yi ta har da hawaye. Habsatu ba ta yi ba. Nan take ta sa aka mayar da murhu ɗaki, aka huda bango ta sama don hayaƙi, aka rataya labule mai kauri a ƙofa. Sannan ta gwada ɗaukar hoton jan a duhu. Na'urar ta yi nata wayon, ta ƙara haske da kanta, hoton ya fito ruwan lemo. A wayar Sale kuma ya fito wani launi daban.

"Kin gani? Sai a fasa Damagaram."

"Ba a fasawa."

Ta shiga biro, ofishinta, ta fito da maganaɗisun wata tsohuwar rediyo, ta ɗaura shi a bakin dogon ƙarfe. Ta ce an koya musu cewa in ƙarfe ya kusa zafin tsomawa, maganaɗisu ya daina kama shi. Na ce sai na gani. Muka shiga, aka saki labule, na juya wa wuta idona na hagu mai sauran gani. Sale na zuga, ita tana taɓa ƙarfen, abin na kamawa, na kamawa. Sai ta ce, "Ya saki." Ina shirin ce mata da saura, jan zoɓo ya nuna. Na ce a sake. Sau bakwai muka yi, kowane karo yana riga idona da kamar numfashi uku.

Haka shafin ya fito. A saki labule. A jira ido ya saba. A gwada da maganaɗisu. In ya saki, numfashi uku, a tsoma a mai. A mayar gefen garwashi ya huce a hankali. A ɗauki ɗaya cikin kowane goma a sara a kututture kafin a danna kore. Da muka zo gurbin dalili ta miƙo mini tablet ta ce in faɗa da bakina. Na ce a taƙaice? Ta ce duka, har jakin. Yanzu duk wanda ya buɗe matakin labule a wayarsa, muryata ce ke fita tana tona wa kaina asiri. A ƙasan shafin na ga sunana, na karanta shi da kaina, harafi-harafi.

Na tafi Damagaram. Aka yi aikin, aka ce kada in sunkuya, kada in kusanci hayaƙi har mako uku. Ina kwance gidan wani ɗan'uwa ruwan farko ya sauka. Na ji shi a kan kwano, na ce yanzu bakunan da hannuna bai taɓa ba suna cikin ƙasa. Ban kira ba. Ita ma ba ta kira ba, don ta san ina jira.

Da aka sallame ni na biya atiliye, na ɗauki hauya ɗaya cikin waɗanda Sale ya tsoma, na hau kabu-kabu sai Guci. Zan faɗi gaskiya tunda na fara: rabin zuciyata na roƙon kada ta karye, ɗaya rabin na so ta ɗan tsage, ko kaɗan, yadda za a ce ai sai Kawu. A gonata akwai wani kututturen ƙirya da ya girme ni. Na tuɓe riga, na yi bismilla, na sara. Na sake. A karo na shida na ji ƙas, na tafi da baya na zauna a ƙasa, ƙafafu a sama.

Indo, da ta biyo ni da goran ruwa, ta ce, "Maigida, cikin maganin da likita ya rubuta har da wannan?"

Na rarrafa na duba da sabon idona. Bakin hauyar na kafe a kututture, ko gezau. Ƙotar ce ta karye a hannuna. Na juya guntun: an sari itacen bai bushe ba, ga kuma gaɓa daidai inda ya tsinke. Na ciro waya na aika wa Habsatu murya.

"Shef, ƙarfenku ya yi. Ki gaya wa Sale na ce ya yi, amma sau ɗaya za ki faɗa masa. Sai dai wanda ya zaɓo muku itacen ƙota bai san itace ba. Ƙota ma na buƙatar shafinta."

Ba a jima ba amsa ta shigo, ina jin dariyar Sale a bayanta.

"Kawu, itacen nan kai ka zaɓo shi da kanka a kasuwar Dungas, ka ce kowa ya matsa ya ba ka wuri."

Na kaɗe rairayin da ke wandona, na sake danna wayar.

"To ki sa sunana a gurbin dalili, ki buɗe shafin. Gobe da hantsi ina tafe."